Larabar Abarshi Mai Garaya

Abarshi mutumin Tabanni ne, can aka haife shi, kuma da ana barin mutum ya zaɓi inda zai tsufa, da bai wuce nan ba. Manomi ne kamar kowa a garin, masara da dawa da ɗan waken suya a gefen gona. Abin da ya raba shi da sauran jama'a shi ne garayar da ke rataye a bangon ɗakinsa. Ubansa makaɗin maharba ne. A zamanin da dajin Birnin Gwari ke cike da gada da gwanki da ɓauna, duk maharbin da ya isa yana da takensa, kiɗan da in aka kaɗa shi kowa ya san da wa ake. Uban ya riƙe take talatin da huɗu a kansa, ya kuma zuba wa Abarshi su ɗaya bayan ɗaya, a gindin ɗorawa, lokacin da suka ajiye fartanya don rana ta yi tsaka.

Sai dai Abarshi ya gaji kiɗan ne daidai lokacin da masu shi ke ƙarewa. Namun daji suka ja baya, maharban suka tsufa suka yi ta tafiya, 'ya'yansu suka koma noma da tireda. In ana biki masu kalangu ake kira, daga baya ma sai a ɗauko lasifika. Ya zama Abarshi ba ya da mai saurarensa sai matarsa Karima, wadda takan ce masa ya kaɗa mata in tana sheƙar masara, wai aikin ya fi sauri.

Wata rana yana zaune ƙofar gida yana kaɗawa, sai wani gajeren mutum mai tabarau ya tsaya da kekensa a bakin hanya. Bai yi sallama ba, bai kuma wuce ba, har Abarshi ya kai ƙarshe. Sannan ya jingine keken ya ƙaraso.

"Sannu, Malam. Ni ne George, ina koyarwa a firamare a cikin gari. Don Allah wannan kiɗan na wane ne?"

"Taken Auta Mai Kibiya Ɗaya ne. Ya daɗe da rasuwa."

"Irinsa nawa ka sani?"

Da Abarshi ya faɗa masa, Malam George ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya zauna a kan tabarma ba tare da an ce masa zauna ba. Mutumin kudancin Kaduna ne da aiki ya kawo shi Birnin Gwari tun yana saurayi, kuma shi ke kaɗa fiyano mai feda a cocinsu. Ya ce ya daɗe da wani tunani a ransa. Yana so duk shekara a ware mako guda, a cikin dogon hutun 'yan makaranta, a tara tsofaffin makaɗan ƙasar nan, kowa da ranarsa, jama'a su zauna su ji.

"A cikin marka?" in ji Abarshi. "Malam, ai kiɗa sai kaka, in hatsi ya shiga rumbu."

"In kaka ta yi kowa rawa yake so. Ni zama nake so a yi. A marka an gama maimai, ba a fara girbi ba, aji kuma babu kowa a ciki."

Haka Makon Marka ya fara. Litinin ta mai goge ce, Talata ta matan Gwari masu waƙar daka da niƙa, Laraba ta Abarshi, Alhamis ta wani Bafillace mai sarewa, Jaji, daga rugagen bayan Kusasu. Ran Asabar Malam George ya kawo mawaƙan cocinsu su rufe. Bayan azahar ake farawa, a tashi kafin magariba, saboda masu nisa. Doka ɗaya ce, kuma Malam George kan tsaya ya maimaita ta kullum: ba rawa, ba liƙi, ba surutu, sai makaɗi ya ajiye kayansa.

Larabarsa ta farko Abarshi ya sha wuya. Ya saba in ya kaɗa wani ya zabura ya yi kirari, wani ya buga ƙafa. A nan kuwa mutane sun kai sittin a kan bencina, sun zuba masa ido, shiru kake ji. Ya ɗauka bai iya ba ne, ya ƙudurta a ransa in ya fita ba zai ƙara dawowa ba. Da ya kai kan taken Auta, sai wata tsohuwa a benci na uku ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa. Bayan an tashi ta zo ta durƙusa a gabansa.

"Ubana ne," ta ce. "Rabona da jin wannan tun ina 'yar tallar goro. Na ɗauka an binne shi da shi."

Da marka ta zagayo, Abarshi ya sake dawowa da garayarsa.

Shekara goma sha tara ana yin makon nan ba fashi. Wata shekara ajin ya cika har ana leƙe ta taga, wata shekara ruwa ya hana rabin mutane zuwa. In ruwa ya sauko a kan kwano, garaya ba ta jiyuwa, sai a dakata, kowa ya yi zaune har ya ɗauke. A irin wannan jiran ne Abarshi da Jaji suka shaƙu. Jaji kan zo tun ran Laraba ya sauka a zauren wani mai goro, Abarshi kuma ya tsaya har Alhamis don ya ji sarewa. Dogo ne siriri, ba ya son magana, amma in ya ga Abarshi bakinsa kan buɗe.

"Kaɗo, har yanzu kana fama da wannan ƙoƙon naka?"

"Ai ya fi karan dawar da kake hura wa shanu."

Su yi dariya, su raba goro. A shekara sau ɗaya suke haɗuwa, amma in an tambayi Abarshi abokinsa, Jaji zai fara faɗa.

Daga nan daji ya lalace. Da farko shanu ake kora, sannan aka fara tare hanya, sannan aka fara shiga garuruwa. Mai goge ya daina zuwa don hanyarsu ba ta biyuwa. Matan Gwari suka watse, wasu Kaduna, wasu Neja. Jaji ma ya daina, don an kai lokacin da Bafillace ba ya iya shiga gari ya fita lafiya, ko da bai taɓa riƙe komai ba sai sanda. Malam George ya yi ƙoƙari shekara biyu da abin da ya rage, Laraba da Asabar kawai, daga baya ya haƙura.

Wata ranar hantsi Abarshi yana gona ya ji harbi ta gabas da gari, ya ga hayaƙi. Ya ruga gida ya tarar Karima ta ɗaure tukunya biyu da 'yan tufafi a zane. Shi abin da hannunsa ya kai kansa garaya ce. Suka bi ayarin mutane a ƙafa har cikin Birnin Gwari. Inda aka sauke su kuwa, makarantar Malam George ce, kuma ajin da ya samu shimfiɗa shi ne dai wanda yake kiɗa a ciki, an tara bencina a gefe, iyali tara a ɗaki ɗaya.

A sati na biyu, da yamma, ya ga mutane sun yi jugum, ya ce bari ya ɗan sanyaya musu rai. Ya ɗauko garaya ya fara a hankali. Bai yi nisa ba wani maƙwabcinsa na Tabanni, wanda aka tafi da ƙaninsa, ya ɗago kai.

"Abarshi, don girman Allah ka bari. Kiɗan nan na daji ne. Ba na son jin komai na daji."

Abarshi ya ce, "To." Ya naɗe ta a buhu. Bai ji haushin mutumin ba, ya san gaskiyarsa ya faɗa.

Daga baya ya samu ɗaki guda a bayan kasuwa, ya riƙa yin ƙwadago a gonakin bakin gari, shi da ya saba ciyar da baƙi daga rumbunsa. A damina ta biyu Karima ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Aka ce a kai ta Kaduna, amma motoci ba sa tashi sai an haɗa ayari da rakiya, kuma ayarin sai jibi. Ba ta kai jibin ba. Ɗansu guda, Munzali, wanda ke tuƙa a-daidaita-sahu a Kaduna, bai samu zuwa ba sai bayan sadakar bakwai. Ya roƙi uban ya bi shi.

"Baba, me ya rage maka a nan?"

"Uwarka tana nan. Gonata ma tana nan, ba inda ta je."

Ba a jima ba Malam George ya zo masa sallama. Ya tsufa, ƙafa ɗaya na ja, 'ya'yansa sun matsa sai ya koma gida shi da matarsa Susanna. Ya miƙa wa Abarshi wani tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta.

"Sunayen takenka ne, duka talatin da huɗu, na rubuta su tun shekarar farko. Na san ba ka karanta boko. Ka ajiye dai, wani zai karanta maka."

Da Malam George zai tashi sai da Abarshi ya kama masa hannu. Bayan wata takwas Susanna ta bugo waya ta ce Malam ya rasu, an binne shi a ƙauyensu, kuma ko a kwanakinsa na ƙarshe yakan tambaya ko yau Laraba ce.

Shekarun da suka biyo baya ba su da labari. Ya tashi, ya je ƙwadago, ya dawo, ya sayi tuwo a wurin mai tuwo, ya ci shi kaɗai yana kallon bango. A masallaci ana gaisawa da shi a matsayin ɗaya daga cikin 'yan gudun hijirar Tabanni, babu wanda ya san yana da wata sana'a. Ran da ya kwance buhun ya duba garaya, ya tarar fatar ta tsage daga gefe zuwa gefe. Da fatar gada ake rufe ta, gada kuma tana cikin dajin da ba ya shiguwa. Ya mayar ya ɗaure.

Sai ga shi an yi sulhu, harbi ya lafa, motoci suka fara bin hanya ba rakiya, kasuwar shanu ta sake ci. Abarshi ya shiga kara wata rana don kawai ya ga shanu da idonsa. A can ƙarshe, a gindin wata bishiya, ya hangi wani dogon tsoho a tsugune, ba saniya ko ɗaya a gabansa, yana sayar da igiyoyin da ya tufka. Sai da ya matso sosai ya tabbatar.

"Jaji?"

Tsohon ya ɗago ya daɗe yana kallonsa.

"Kaɗo. Ashe kana raye."

Abarshi ya tsuguna kusa da shi. Wasu 'yan gari da ke wucewa suka bi su da kallo, wani ma ya yi tsaki, bai kula ba. Ya faɗa masa Karima, ya faɗa masa Malam George. Jaji ya yi musu addu'a, sannan ya faɗi nasa a taƙaice, idonsa a kan igiyoyi. Shanunsa an kore su tun farkon abin. An ƙona rugarsu. 'Ya'yansa maza biyu, ɗaya an kashe shi a hanyar kasuwa, ɗaya kuma ya shiga daji ya bi waɗancan mutanen, bai ƙara ganinsa ba, bai kuma san wanne ya fi masa ciwo ba.

"Sarewar fa?"

"Wa zan hura wa? Shanu nake yi wa, su kuma sun tafi."

"Ka hura mini. Marka ta kusa. Zan nemi ajin."

"Mutanen gari za su zauna su ji Bafillace?"

"Ni dai zan zauna."

Jaji ya ce Allah ya kai mu.

Shugabar makarantar yanzu Malama Bushira ce, wadda Malam George ya koyar tana ƙarama. Da Abarshi ya yi mata bayani ta tashi da kanta ta ɗauko makulli.

"Baba, ai ni ina cikin masu leƙe ta taga. Ajin naku ne."

Ya sayi fatar akuya wurin majemi ya rufe garayar. Muryarta ta fito da kauri, ba irin wadda ya sani ba, kamar mai mura, amma tana fita. Ya kai wa Malama Bushira littafin, ta riƙa karanto sunayen yana kaɗa farkon kowane. Sun yi nisa lafiya, sai ta karanta wani suna, hannunsa ya tsaya. Ya san maharbin, ya san garinsu, ya tuna ma ubansa na cewa gurgu ne, amma kiɗan babu. Ya rufe ido, ya taɓa tsirkiya nan da can, shiru. Kafin su kai ƙarshen shafi haka ta faru sau uku.

"Ko akwai wanda za a tambaya?" in ji Malama Bushira.

"Babu, 'yata. Ni ne wanda ake tambaya."

Aka sanar a masallatai biyu da coci. Litinin da Talata ba kowa, don babu mai yi. Ran Laraba Abarshi ya zo tun kafin azahar ya share ajin, ya jera bencina goma sha biyu. Mutum goma sha ɗaya suka zo, yawancinsu tsofaffi, har da wani da ya ɗauka rabon taki ake yi, ya zauna don kunya. Abarshi ya tsaya ya faɗi dokar Malam George da bakinsa, sannan ya zauna ya kaɗa take talatin da ɗaya. Kafin kowane yakan faɗi sunan mai shi ya ɗan dakata, ko akwai jika ko ɗan uwa a ɗakin. Ba wanda ya motsa ko sau ɗaya. Zuriyar maharban nan ta watse cikin duniya. Da ya gama suka ce sannu, Allah ya ƙara lafiya, suka fita.

Ran Alhamis ya sake zuwa da garayar a buhu, don in Jaji bai zo ba kada waɗanda suka zo su tashi haka nan. Mutum bakwai ne. An kusa la'asar, har ya fara kwance buhun, sai ga Jaji a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk taɓo, sarewa a soke cikin rigarsa. Mutum uku suka miƙe suka fice. Jaji ya tsaya kamar zai juya. Abarshi ya tashi ya kamo hannunsa ya kai shi kan kujera, shi kuma ya zauna a bencin gaba, tsakiya.

Numfashin Jaji ya ragu. Yakan hura ya tsaya ya huta a inda da ba ya hutawa, haƙoransa na gaba da suka zube suna sa iska zurarewa. Ya hura na fitar da shanu da safe, ya hura na kai su ruwa, ya hura wanda ake yi in maraƙi ya ɓace ana nemansa. A wannan na ƙarshen ya daɗe, ya yi ta maimaitawa, idonsa a rufe. Malama Bushira ta sunkuyar da kai. Wani tsoho cikin waɗanda suka rage, wanda aka sani an taɓa riƙe shi wata biyu a daji, ya zauna ƙyam har aka gama, sannan ya tashi ya miƙa wa Jaji hannu, ya fita da sauri.

Abarshi ya raka shi har inda masu babur ke ɗaukar mutanen Kusasu. Hadari ya haɗo ta gabas.

"Baɗi sai ka zo tun Laraba, kamar da," in ji Abarshi.

Jaji ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Babu baɗi, Abarshi. 'Yata tana aure a kudu, mijinta ya aiko in koma wurinsu in ruwa ya ɗauke. Don in sallame ka na zo. Ban so in faɗa maka kafin in hura ba."

Abarshi ya laluba aljihu ya ciro goro guda, ya fasa, ya ba shi ɓari.

"Ka yafe mini abin da na yi maka."

"Ba ka yi mini komai ba. Ni ma ka yafe."

Babur ya tashi. Abarshi ya tsaya har ya daina hango farar rigar.

Bai kai rabin hanya ba ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ya rungume buhun ya faɗa rumfar wani mai faci, baƙo ne da ya zo garin bayan an buɗe hanya. Mutumin ya matsa masa a kan benci, ya dubi wuyan garayar da ya leƙo daga buhu.

"Baba, garaya ce wannan? Ashe har yanzu ana kaɗa ta?"

"Ana kaɗawa," in ji Abarshi. "Jiya ma an kaɗa."

"Kash, da na sani da na zo."

Suka zauna suna kallon ruwa na gudu a kwata, har ya tsagaita. Ya yi wa mai facin godiya, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya koma makaranta, don bai mayar da bencina inda ya ɗauko su ba.